Mastodon

Mastodon manhaja ce ta sada zumunta wadda babu wani kamfani guda da ke riƙe da ita. Eugen Rochko, ɗan ƙasar Jamus haifaffen Rasha, shi ya ƙirƙire ta, ya fito da ita a watan Oktoban 2016. A ido ta yi kama da Twitter (wadda yanzu ake kira X): gajerun rubuce-rubuce, hotuna, mabiya. A ƙarƙashi kuwa dubban sabar ne, wato kwamfutocin da ke ajiye asusun mutane da rubuce-rubucensu, masu cin gashin kansu, kowace da mai kula da ita da dokokinta, amma duk suna magana da juna. Mastodon ce mafi shahara a cikin babban haɗin da ake kira Fediverse.

Yadda take aiki

Mai son shiga yakan zaɓi sabar ɗaya ya buɗe asusu a can. Adireshinsa na ɗauke da sunansa da sunan sabar, kamar yadda adireshin imel yake, kuma yana iya bin duk wanda ke wata sabar ba tare da ya sake buɗe asusu ba. Abin da ya sa haka ta yiwu wata ƙa'idar musayar saƙo ce mai suna ActivityPub, wadda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da ita a watan Janairun 2018. Mastodon ta fara aiki da ita tun 2017. Kafin nan tana amfani da OStatus, wadda ta samo asali daga aikin Evan Prodromou, mutumin da ya buɗe identi.ca a 2008.

Tunda ƙa'idar a buɗe take ga kowa, wasu manhajoji ma sun hau ta. Akwai PeerTube ta bidiyo, wadda ƙungiyar Framasoft ta Faransa ke kula da ita, da Pixelfed ta hotuna, da Misskey ta Japan. Mai asusu a Mastodon zai iya bin tashar PeerTube, bidiyon ya iso masa, ya yi sharhi daga inda yake.

A yawancin sabar, rubutu ɗaya ba ya wuce haruffa 500. Ba a sa talla. Saƙonni suna jeruwa ne bisa lokacin da aka wallafa su, babu wata na'ura da ke zaɓar wa mutum abin da zai gani. Wannan yana da daɗi, yana kuma da wahala: sabon shiga yakan tarar da shafinsa fayau, sai ya nemi mutane da kansa, kuma da yawa a nan suke karaya su koma inda suka fito.

Yaɗuwarta

Gungu na farko mai yawa daga Japan ya zo a watan Afrilun 2017, lokacin da kamfanin Pixiv ya buɗe sabar Pawoo ga masu zane. Babbar guguwa ta taso bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a ƙarshen Oktoban 2022. Rochko ya bayyana cewa masu amfani da Mastodon a wata sun tashi daga kimanin 300,000 zuwa miliyan 2.5 tsakanin Oktoba da Nuwamba. Adadin ya sauka daga baya, kuma Bluesky, wata manhaja mai kama da Twitter wadda ke da tata ƙa'idar daban, ta janye mutane da dama bayan ta buɗe ƙofa ga kowa a Fabrairun 2024. A shekarar ce kuma Threads ta kamfanin Meta ta fara barin masu amfani da ita su tura rubutunsu zuwa Fediverse, lamarin da ya raba kan masu sabar: wasu suka yi maraba, wasu suka toshe ta tun kafin ta iso.

Waɗanda suka zauna galibi masu sana'a ɗaya ne ko sha'awa ɗaya. Masu ƙera wasannin kwamfuta suna da sabar tasu, mastodon.gamedev.place, inda mutum zai nuna taswirar duniyar da yake ginawa, ko yadda haske ke faɗuwa a wani lungu na wasan, abokan sana'a su faɗa masa inda ya yi kyau da inda na'ura za ta yi nauyi. Hukumomin gwamnatin Jamus ma suna da tasu, social.bund.de.

Shugabanci da ladabtarwa

A nan ne ainihin darajar Mastodon take, a nan kuma rauninta yake. Kowace sabar tamkar unguwa ce da mai unguwarta: shi ya san mutanensa, shi ke sauraron ƙara, shi ke korar mai fitina. Idan wata sabar ta zama matattarar zage-zage, sauran suna iya yanke hulɗa da ita baki ɗaya. An ga haka a 2019, lokacin da dandalin Gab, wanda ya yi ƙaurin suna da kalaman ƙiyayya, ya ɗauki manhajar Mastodon. Ba wanda ya isa ya hana shi, domin lasisin manhajar ya ba kowa damar ɗauka, amma sabar da yawa sun toshe shi, ya zauna kusan shi kaɗai.

Sai dai aikin yana kan wuyan 'yan sa-kai ne. Su ke biyan kuɗin sabar daga aljihunsu ko daga gudummawar mambobi, su ke karanta munanan saƙonnin da aka kai ƙara cikin dare. Idan suka gaji, sabar na iya rufewa. Shi ya sa a 2019 aka fitar da wani alkawari ga sabar da ke son a saka su a shafin Mastodon na hukuma: yaƙi da wariyar launin fata da cin zarafi, ajiye kwafin bayanai kullum, samun aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga sabar idan gaggawa ta taso, da ba da sanarwar wata uku kafin rufewa. Mai ƙaura zuwa wata sabar yana tafiya da mabiyansa, amma tsofaffin rubuce-rubucensa ba sa bin sa. Saƙon sirri ma ba a kulle yake ba, mai kula da sabar zai iya karanta shi, kuma ya kamata kowane sabon shiga ya san da wannan.

Abin da ya shafi Najeriya

Daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya. Umarni ɗaya ga kamfanonin sadarwa ya isa ya raba miliyoyin mutane da masu karanta su. Gwamnati da wasu jama'a suka buɗe asusu a Koo, wata manhajar sada zumunta ta Indiya, ita kuma ta rufe a Yulin 2024. Tsarin Fediverse ya fi wuyar rufewa a lokaci ɗaya, don sai an bi sabar ɗaya bayan ɗaya. Ga masu rubutu da Hausa akwai wata fa'idar da ta fi wannan kusa: sabar da Hausawa ke kula da ita za ta sami masu ladabtarwa da ke gane habaici da zambo da baƙar magana, su bambance su da raha. Abin da ake buƙata shi ne kuɗin haya na wata-wata, da mai ilimin kwamfuta, da mutane kaɗan masu haƙurin sauraron ƙara.