Hayaƙin Murhu da Ƙurar Hunturu: Yadda Ƙwayoyin Huhu Ke Galabaita Har Su Kumbura

Wai ƙwayar halitta ma tana shan wahala ne?

Ƙwarai kuwa. Cikin huhu shafe yake da ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da jiki ya ginu da su, kowace da aikinta: wata na fitar da majina mai kama datti, wata na da 'yan gasu da ke share majinar zuwa maƙogwaro. Mutum na numfashi kusan sau 20,000 a rana, don haka duk abin da ke yawo a iskar Kawo ko Kakuri, su ne ke fara karɓarsa. Idan hayaƙi ya yi yawa, wasu sinadarai masu ƙuna da ke fitowa daga oksijin kan taru har su fi ƙarfin kariyar ƙwayar, su lalata fatarta da furotin ɗinta. A cikinta kuma akwai sashen da ke naɗe furotin yadda ya dace. In aiki ya cushe masa sai ya riƙa fitar da gurɓatattu. Wannan halin ne likitoci ke kira matsin ƙwayar halitta.

To ina haɗin wannan da kumburi?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙwayar da ta galabaita ba ta yin shiru, kururuwa take. Tana kunna wani makunni a cikinta mai suna NF-kB, sai ta saki sinadaran neman agaji irin su IL-6 da IL-8. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, su garzayo. Da ƙwayar cuta ce ta shigo, da sun kashe ta an huta. Amma ba a iya kashe hayaƙi. Sojojin sai su yi ta ɓarin makamansu a banza, ciki har da wani sinadari mai suna elastes da ke narka zaren da ke sa huhu talewa ya dawo kamar roba.

Jiki na da birkin elastes: wani furotin da hanta ke yi, alfa-1 antitiripsin, wanda aka gano ƙarancinsa a Suwidin a 1963. Abin takaici, hayaƙin taba na gurgunta birkin nan ma. An ƙara wa wutar mai, an kuma kwashe ruwan kashe ta.

Waɗanne cututtuka ne ke biyo baya?

Babba ita ce toshewar hanyoyin numfashi ta dindindin, wadda a asibiti ake ce wa COPD. Ta kashe mutum miliyan 3.23 a duniya a 2019. Akwai fuka, wato asma, sai kuma tabon huhu, inda naman ke taurara.

Mahaifiyata ba ta taɓa riƙe taba ba, amma an ce huhunta ya lalace. Ta yaya?

Ku tambayi shekara nawa ta yi a gaban murhu. Dubi mai ƙosan bakin layi da asuba: ɗanyen icce, ta sunkuya tana hura wuta, idanu na hawaye, jariri goye a baya. Ƙananan ɓurɓushin hayaƙin nan, da gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30, ba sa tsayawa a hanci, har ƙuryar huhu suke kaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya ci rayuka kusan miliyan 3.2 a 2020. Ga janareto a bakin taga, ga hazon Disamba a kai. Ni dai a ganina mun fi tsoron sanyin hunturu fiye da hayaƙin da muke turnuƙewa da shi don korar sanyin.

In an rabu da hayaƙin, huhu zai dawo daidai?

'Yan jakunkunan iskar cikin huhu da suka fashe ba sa dawowa, kuma a wasu mutane kumburin kan ci gaba ko bayan sun bar taba. Sai dai lalacewar na rage gudu sosai. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya fara zuwa gwajin tarin tibi, kafin a yi maganar gwajin hura iska mai auna ƙarfin huhu.

Ƙwayoyin bitamin da ake talla fa, ba sa kashe wannan ƙuna?

Kada a yi saurin zaro kuɗi. A Finlan an ba dubban masu shan taba ƙwayoyin beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas, da fatan kare huhunsu. Da sakamako ya fito a 1994, sankarar huhu ta fi yawa ne a cikin waɗanda suka sha.