Waiwaye: Yadda shago ya zama zinare a tsakiyar Kano

Wanda ya ratsa Kantin Kwari da hantsi ya san fili a nan ba abin wasa ba ne. Layin da a da mota ke shiga, yau ɗan dako mai ɗauke da dila sai ya karkace yake wucewa. 'Yan tebura sun cinye bakin hanya, ƙarƙashin matattakalar bene ma wani ya sa masa ƙofa, ya rataye atamfa, ya zama shago mai kuɗin haya.

Asalin cinikin birnin a Kurmi yake, kasuwar da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, cikin ƙarni na 15. Isowar jirgin ƙasa a 1911 ce ta janye harkar zuwa wajen ganuwa. Kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fata suka kafa kantuna kusa da tasha, Sabon Gari ya tsiro, Kwarori kuma, wato 'yan Labanan da Siriya, suka zauna a Fagge, kanti da wurin kwana a gini guda. Daga nan sunan Kantin Kwari ya samo asali, shi ya sa har gobe ba a cewa rukunin shaguna, sai dai gidan wane. Da harkar yadi ta dawo hannun 'yan ƙasa, sai aka riƙa yayyanka gidajen nan ɗaki-ɗaki, ana ɗora bene kan bene.

A 2014 aka buɗe Ado Bayero Mall a titin gidan zu. Wasu suka ɗauka ciniki ya tashi ke nan zuwa inda ake da na'urar sanyaya ɗaki da wurin ajiye mota. Ina! A Janairun 2024 Shoprite ya rufe reshensa na can, Kwari da Singa da Sabon Gari kuwa ko masaka tsinke babu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai sari da ya taso daga Maraɗi ko Injamena ba sanyi ya zo sha ba. So yake ya zaga gida goma da ƙafa, ya taya, ya ɗaure kaya kafin la'asar. Darajar shago a Kano tana ga sawun masu wucewa ta ƙofarsa, ba kyawun gini ba.

Wannan ƙishirwar ce ta sa ido ya koma kan filayen gwamnati. A mulkin Abdullahi Umar Ganduje, daga 2015 zuwa 2023, shaguna suka tashi a filin Idi, da harabar otal ɗin Daula, da jikin makarantu da masallatai. Gwamnati ta ce haɗin gwiwa ne da 'yan kasuwa, masu suka suka ce cefanar da kayan jama'a ne. Cunkoson ma bai zo da sauƙi ba: gobarar Maris ɗin 2016 ta lashe dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, a Agustan 2022 kuma ruwa ya malale Kantin Kwari ya jiƙa yadin miliyoyin naira, 'yan kasuwa suka ɗora laifin kan gine-ginen da aka yi a kan magudanan ruwa.

Sai rusau. Ko mako guda sabon gwamna Abba Kabir Yusuf bai cika a ofis ba, a Yunin 2023, katafila ta fara da ginin filin sukuwa, ta bi ta Daula da filin Idi, matasa na biye suna kwasar rodi da ƙofofi. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne, da yawa daga waɗanda abin ya shafa ba su aka bai wa filin ba. Saye suka yi hannu na biyu ko na uku, da takardunsu. 'Yan kasuwar filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Akwai kuma yunƙurin rage wa tsakiyar gari nauyi. A 2024 aka tilasta wa masu sarin magunguna na Sabon Gari komawa Dangwauro, kan hanyar Zariya, bayan doguwar shari'a, kuma da ƙyar suka tafi.

Yanzu idan dillali ya kawo wa mutum tallan shago a cikin gari, kafin a zo maganar faɗinsa ko kuɗin la'ada, sai ya fara tambayar a zamanin wace gwamnati aka fitar da takardar filin.