Ƙwaron fatsa na kama kifin tirawut

Ƙwaron fatsa, wanda Turawa ke ce ma fulai wato ƙuda, ƙugiya ce da ake naɗe ta da zare da gashin tsuntsu da gashin dabba har ta fito kamar ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, a jefa ma kifi ya ɗauka abinci ne ya cafke. Ba tana a jiki, ba hanjin kaza, ba wani ƙoto mai wari ko ɗanɗano irin wanda masuntanmu na Zobe da Ajiwa suka saba sa ma ƙugiya, idon kifin kaɗai ake yaudara. Kifin da aka fi ɗaura irin wannan ƙwari dominsa shi ne tirawut, kuma kowane ɗauri yana da sunanshi da tsarinshi da aka san shi da shi, kamar dai yadda aska takwas ta bambanta da aska biyu a wajen maɗinka.

Kifin da kanshi

Tirawut ɗan uwan kifin salmon ne, jikinshi duk ɗigo-ɗigo, kuma ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi. Akwai mai ruwan ƙasa wanda asalinshi Turai ne, akwai mai ratsin ja a gefe wanda ya fito daga yammacin Amurka ta Arewa. Ya fi sakewa in sanyin ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16, da ya haura 20 ya fara galabaita saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, shi ya sa ko a mafarki ba za a same shi a Sabke ko Daberam ba, mu da zafi ke wuce 40 a watan Afirilu. A Afirka sai wuraren tuddai, kamar Lesotho da Afirka ta Kudu da tsaunukan Kenya inda wani Bature Ewart Grogan ya kawo ƙwanshi a 1905.

Abin da ya sa ɗaurin ƙwari ya zama ilimi mai zaman kanshi shi ne kifin nan yana da ido kuma yana da zaɓe. In wani ƙwaro ya ƙyanƙyashe da yawa a kogi sai ya kafa mashi shi kaɗai, ka ba shi wani abu daban ya zo ya duba ya juya. Manyan abincinshi ƙwarin ruwa ne: mefulai mai fiffike tsaye wanda in ya fito daga ruwa kwana ɗaya ko biyu kawai yake yi ya mutu, da kadis wanda tsutsarshi ke gina ma kanta ɗaki da yashi da ƙirare ta riƙa ja, da wasu ƙanana masu kama da sauro amma ba su cizo. Ban da su akwai na tudu da iska ke jefowa, fara da tururuwa da buzuzu.

Asali

Abin ya daɗe. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubuci ɗan Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara guda biyu su kama wani kifi mai ɗigo a jiki. A 1496 aka buga wani ɗan littafi a Ingila da ya lissafa ɗauri 12, kowane da watan da ake amfani da shi. Daga nan Ingila ta riƙe abin, har aka zo aka yi doguwar jayayya tsakanin mutum biyu, Frederic Halford da ya ce mutumin kirki ba ya kama tirawut sai da ƙwaro mai iyo a saman ruwa, da G.E.M. Skues da ya ce ai kifin mafi yawan cinshi a ƙarƙashin ruwa yake yi, don me za a hana mutum bin shi can. A ganina Skues ne da gaskiya, kuma yau ba mai fita ba tare da iri biyun a akwatinshi ba.

Saboda ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce ke da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya da sanda mai tsawon kamar ƙafa 9 ta tafi da shi, a bakinta kuma akwai siririn zaren roba da kifi ba ya gani sosai. Lambar ƙugiya kuma a juye take, 8 babba ce, 20 kuwa ko ƙwayar shinkafa ta kusa fin ta.

Masu iyo a sama

In aka ce a zaɓi guda ɗaya a wanga rukuni, kusan kowa Adams zai ce. Leonard Halladay ne ya fara ɗaura shi a 1922 a jihar Mishigan ta Amurka, ya ba wani abokinshi lauya Charles Adams ya gwada a kogin Boardman, ya dawo da labarin yadda kifi ya yi ta ci, sai sunan ya bi shi. Jikinshi toka-toka ne, fiffike daga bakin gashin zakara mai wake-wake, sannan a naɗa gashin wuyan zakara kala biyu, ja-ja da wake-wake, su tsaya cirko-cirko su riƙe shi a kan ruwa. Abin lura shi ne bai yi kama da wani takamaiman ƙwaro ba, amma ya ɗan yi kama da kusan dukkansu, to wannan rashin tsayawa kan kama ɗaya shi ne ƙarfinshi. Akwai wani salo da aka fitar daga baya inda ake kafa ɗan farin gashi tsaye a baya a naɗa gashin zakaran a kwance kewaye da shi kamar lema, ya fi zama daidai a ruwa kuma mai fatsa na hango farin daga nesa, yanzu ma an fi sayen wannan.

Sai Elk Hair Caddis na Al Troth, 1957, a Fensilbeniya. Fiffikenshi gashin wata babbar barewa ce ta Amurka mai rassan ƙaho, kuma gashin nata akwai iska a ciki shi ya sa ba ya nutsewa ko a ruwa mai tsalle. Ana kwantar da gashin a bayan ƙugiya kamar jinka, don kuwa haka kadis ke naɗe fiffikenshi in ya sauka.

Royal Coachman shi ado ne zalla, gashin ɗawisu mai sheƙi gaba da baya, jan siliki a tsakiya kamar ɗamara, farin fiffike. John Haily ya ɗaura shi a Niyok a 1878. Babu ƙwaro mai wannan kama a duniya amma kifi na ci, musamman a ƙananan rafukan dutse inda ruwa ke gudu ba shi da lokacin tsayawa bincike.

Masu nutsewa

Nan ne zan ɗan daɗe, don ɗaurin da ya fi burge ni duk a nan yake, wato Pheasant Tail na Frank Sawyer. Sawyer ba attajiri ba ne, mai gadin kogi ne a kogin Avon da ke kudancin Ingila, aikinshi yanke ciyawar ruwa da gyaran gaɓa da kula da kifi, an haife shi 1906 ya rasu 1980, kusan duk rayuwarshi yana kallon ruwa ɗaya. A wannan kallo ya gano cewa ɗan mefulai kafin ya yi fiffike, in yana iyo, manne ƙafafunshi yake da jiki ya zama siriri kamar tsinke. Masu ɗauri na lokacin suna ta wahalar sa ma nasu ƙafafu, shi sai ya cire su gaba ɗaya. Ya cire zare ma. Kaya biyu kacal ya bari, siririyar wayar jan ƙarfe irin ta cikin koyil, da zarori kamar huɗu daga gashin bindin fezan, wani tsuntsu ɗan uwan fakara mai dogon bindi. Wayar ita ce zaren ɗauri, ita ce nauyin da ke sa shi ya huda ruwa ya nutse da sauri, ita ce kuma ke ba shi ɗan jan sheƙi in ya jiƙe. Ya bayyana shi a rubuce a 1958.

Kuma bai tsaya ga ɗaurin ba, ya koyar da yadda ake ba kifi shi: a jefa sama da inda kifin yake, a bari ya nutse ya gangaro, daidai ya iso gaban kifin sai a ɗan ɗaga sanda ya taso kamar zai tsere, kifin da ke kallo bai damu ba sai ka ga ya zabura ya kama. Duk wanda ya taɓa wasa da kyanwa da zare ya san wannan, in abin na kwance ba ruwanta, ja shi kaɗan ka gani. Amurkawa sun ƙara mashi gashin ɗawisu a ƙirji da ƴan ƙafafu, daga baya aka riƙa sa mashi ɗan dutsen ado na ƙarfe a kai don ƙarin nauyi, duk suna kamu, amma ni na Sawyer ɗin nan tsirara shi nake girmamawa, saboda kowane abu da ke jikinshi akwai dalili, abin da babu ma akwai dalilin cire shi.

Abokin tafiyarshi shi ne Hare's Ear, tsohon ɗauri ne na Ingila da ake yi da gashin kunne da fuskar zomo, a murza shi a zare a naɗa, a bi da siririn zare mai ruwan zinari. Shi ba a son ya yi sumul, har tsefe shi ake da gangan ya yi buzu-buzu, gashin da ya fito yana motsi a ruwa kamar ƙafafu, kuma masu fatsa sun sha faɗa cewa wanda kifi ya tattauna ya yamutse ya fi sabo kamu. Na zamani akwai Copper John na John Barr daga Kolorado, shekarun 1990, jikinshi duk waya ce, aikinshi ya kai ƙasa da wuri a ruwa mai zurfi.

Masu kama da ƙananan kifi

Babban tirawut ba ya ƙoshi da ƙwari, kifi yake ci, to shi ake ɗaura ma manya a riƙa fizgo su a ruwa. Woolly Bugger ne sarkinsu, Russell Blessing ya fito da shi a 1967 a Fensilbeniya, kuma shi ake fara koya ma sabon shiga don sauƙinshi: bindi na lallausan gashi, jiki na zare mai kauri kamar na tawul, gashin zakara a naɗe daga baya zuwa gaba. Baƙi ko kore-kore ko ruwan ƙasa. Kifi na ɗaukarshi matsattsaku ko ɗan kifi ko wata babbar tsutsa, duk wanda ya ga dama. Lallausan gashin nan sunanshi marabu, don asali daga jikin babba-da-jaka ake samunshi, tsuntsun nan namu na Afirka, yanzu kuwa na talotalo ake rinawa a yi amfani da shi. In ya shiga ruwa buɗewa yake yana rufewa kamar mai numfashi, ko an tsaya da ja shi bai tsaya ba.

Akwai kuma Muddler Minnow na Don Gapen, shekarun 1930, wanda ya yi don kogin Nipigon na Kanada. Kanshi gashin barewa ne da ake matsewa da zare ya baje a aske shi da almakashi ya zama ƙato, don ya yi kama da wani ɗan kifi mai faɗin kai da ke kwanciya a ƙasan duwatsu, in an shafa mashi mai ya yi iyo kuma sai ya koma fara.

Kaya da sana'a

In ka duba kayan ɗaurin nan da kyau, rabinsu a gidajenmu suke ana sharewa: gashin wuyan zakara, gashin zabo mai ɗigo wanda ake yin ƙafafu da bindi da shi, na agwagwa, na jimina, na ɗawisu, fatar zomo, wayar tsohuwar rediyo. Bambancin shi ne can har zakaru na musamman ake kiwo shekara da shekaru don gashinsu kawai, dogo siriri mai tauri, fatar wuya ɗaya mai kyau ta fi kuɗin zakaran kasuwar Mai'adua nesa ba kusa ba. Kayan aiki kuma kaɗan ne, ɗan ƙarfen da ke matse ƙugiya ya riƙe ta, mariƙin zare, almakashi. Kenya ta mai da abin sana'a, akwai masana'antu da mutane ke zaune suna ɗaurawa da hannu ana fitarwa Turai da Amurka, da yawansu ba su taɓa jefa fatsa ma tirawut ba. Wallahi duk lokacin da na ga yaranmu masu ɗinkin hula da masu aikin zare a bakin riga sai wannan ya faɗo mani a rai, don hannun da ke iya wancan ɗinki ba abin da zai gagare shi a ƙugiya lamba 16.

Ba tirawut kaɗai ke cin ƙwaron fatsa ba. A kogin Faro na Kamaru ana kama tsage da giwan ruwa da manyan ɗauri masu kama da kifi, giwan ruwan da dare ake nemanshi. Karfasa da kawara ma suna tasowa su ci ƙwaro a saman ruwa, kuma duk wanda ya tsaya bakin dam da farkon damina ranar da shinge ya fito ya ga yadda fuskar ruwa ke ɓal-ɓal, to abin da Turawa ke jira kenan in mefulai ya ƙyanƙyashe. Ɗaurin shinge ba zai yi wuya ba, jiki ja-ja gajere da dogayen fiffike biyu farare a kwance, ƙugiya lamba 12 ko 14, tsarin Elk Hair Caddis na Troth ma in aka tsawaita fiffiken ya kusa isa.

Wajen zaɓe, masu abin sun fi duba girma kafin siffa, siffa kafin kala, kuma kafin su ɗaura komi a zare sai sun ɗaga dutse a bakin ruwa sun ga mi ke manne a ƙasanshi. Da yawansu suna danne ƙayar ƙugiyar da filaya kafin su fara, don a wurare da dama doka ko al'ada ita ce a cire kifin a hankali da jiƙaƙƙen hannu a mai da shi ruwa.