Mene ne EPD, dabarar yin rufi da ƙwayoyin nano ta hanyar lantarki?

EPD, wato electrophoretic deposition a Turance, hanya ce ta yi wa abu siririn rufi, inda lantarki ke janyo ƙananan ƙwayoyi daga cikin ruwa su manne a jikinsa. Da nanomita ake auna ƙwayoyin, wato mita ɗaya a kasa ta gida biliyan ɗaya. Kaurin silin gashi ɗaya ma yakan kai wajen nanomita 80,000.

Ana dama garin sinadarin a ruwa, kowace ƙwaya ta ɗauki caji. Sai a tsoma faranti biyu a kunna wuta, ƙwayoyin su nufi farantin da cajinsa ya saɓa da nasu, su taru a kansa; wannan farantin shi ne abin da ake yi wa rufin. Kada a haɗa shi da rinin zinare da ake yi wa sarƙa: can ƙarfen narkewa yake yi a ruwan, nan kuwa ƙwayar tana nan da jikinta, tuƙa ta kawai ake yi.

Ilimin ya daɗe. A 1809 Ferdinand Reuss ya wallafa cewa ya ga ƙwayoyin yumɓu suna tafiya cikin ruwa da aka saka musu lantarki, a birnin Mosko. A 1940 Hamaker na kamfanin Philips ya nuna cewa yawan abin da ke taruwa ya danganta da ƙarfin wutar, kaurin damun, faɗin farantin da tsawon lokaci. Kamfanin Ford ya fara yi wa gangar mota fentin farko da wannan dabara a shekarun 1960, domin rufin yana shiga lungunan da feshi ba ya kaiwa.

A ganina kunna wutar ba shi ne aikin ba, damun shi ne. Idan cajin ƙwayoyin ya yi rauni, sai su dunƙule su kwanta a ƙasa kamar gasara, rufin ya fito da gudaji. Ruwan sha kuma yana da nasa cikas: wuta ta wuce volt 1.23 zai iya fara rabuwa ya zama iska, kumfar ta huda rufin. Shi ya sa masu bincike suka fi son yin damun da ruwan sinadari irin su itanol ko asiton. Ko an samu rufi mai kyau, yawanci sai an gasa shi kafin ya kama, kuma a wajen bushewa da gashi yake yawan tsagewa.

Yanzu ana gwada EPD wajen lulluɓe ƙarfen titaniyam na dashen ƙashi da sinadari mai kama da na ƙashin mutum, da wajen haɗa batura da wasu nau'ukan farantan sola.