Ɗanka ya shiga jami'a: me za ka riƙe, me za ka sakar masa?

Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a Ghana a 2017, yaran da ke kaiwa ƙofar jami'a sun ƙaru, har da na zangonninmu. A unguwannin Aboabo, Asawase da Sawaba na Kumasi akwai gidaje da yawa da wannan yaron ne na farko da zai shiga jami'a. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi idan takardar samun gurbi ta iso.

Gidanmu na cikin Kumasi, makarantar kuma KNUST ce, jami'ar kimiyya da fasaha ta garin. Ya zauna gida mana?

Ta fuskar aljihu, zaman gida ya fi sauƙi, daga Aboabo zuwa Tech Junction, bakin jami'ar, ba wata tafiya ba ce a trotro, motar haya. Sai dai a duba me yaron zai rasa. Wanda ke kwana a gida, har yanzu Mma ce ke tashinsa, ita ke ajiye masa tuwo, kuma duk wanda ke neman ɗan aike shi zai ƙwala wa kira, ko da jarrabawa gare shi gobe. Ɗakin karatu da dare da bitar rukuni duk sai su wuce shi.

A KNUST ɗaliban shekarar farko ake ba fifiko a gidajen kwanan jami'a, irin su Unity, Republic da Independence. Daga shekara ta biyu yawanci sai neman hostel a unguwannin kusa da jami'ar, Ayeduase, Kotei ko Bomso, inda kuɗin ya fi yawa. Don haka in da hali, a bar shi ya yi shekarar farkon a ciki. A nan zai koyi zama da Ba'asante da ɗan Ewe a ɗaki ɗaya, ya wanke kayansa, ya gane cewa garin kwaki da shito ba sa sayen kansu. In babu hali, ba laifi ya zauna gida, amma a ɗauke masa aike, a bar shi da lokacinsa.

Kuɗi fa? A damƙa masa duka ne, ko kaɗan-kaɗan?

A raba su biyu. Kuɗin makaranta da na ɗaki, uba ko uwa su biya a banki da kansu, ko su ce a turo musu hoton rasit ranar da aka biya. Kada a ce wannan rashin yarda ne. A 2022 KNUST ta dakatar da karatun ɗalibai fiye da 6,000 saboda ba su biya kuɗin makaranta a kan kari ba, kuma jami'ar ta ce akwai waɗanda an ba su kuɗin a gida, suka zuba a cacar ƙwallo da wasu sana'o'i. Iyaye na can suna murna yaro na karatu.

Kuɗin abinci da mota kuwa, shi ne wurin koyon riƙon kai. A zauna da shi a yi lissafi, a tsayar da adadi, a tsayar da rana, a tura ta MoMo, wato ta waya, sau ɗaya a wata. Idan ya ƙarar kafin wata ya kai rabi ya kira yana "Baba, ba ni da ko sisi", a tambaye shi ina suka tafi kafin a kai hannu waya. Wanda ake tura wa sidi ashirin duk lokacin da ya yi kuka zai gama shekara huɗu bai san tsara kuɗi ba.

Akwai kuma bashin karatu na gwamnati, na Students Loan Trust Fund, wanda yanzu ake nema da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ba sai an kawo mai tsaya wa ba. Bashi ne da ake biya da ƙari bayan an gama, don haka magana ce da ya kamata a yi tare, masu damuwa da batun ruwa su tambayi malaminsu.

Sau nawa zan kira shi?

Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, a lokacin da kuka shirya. Idan bai ɗauka ba da rana, mai yiwuwa yana aji ne. A karɓi lambar abokin ɗakinsa don larura, ba don leƙen asiri ba.

Ina son ya karanta likitanci, shi kuma ya nace wa wani abu dabam.

Kowane gida na son a ce "ɗanmu dokta ne", amma shi zai zauna a ajin. A ce ya yi bayani: me ake koyarwa, wane aiki ake samu, wa ya sani da ya karanta. Idan ya amsa da hujja, a bi shi da addu'a. Idan ya kama kame-kame, a haɗa shi da wani ɗan unguwa da ya gama jami'a su yi magana.

Idan ya faɗi wani darasi fa?

Nan ne iyaye da yawa ke ɓata abin da suka gina. A KNUST ana tara makin ɗalibi tun daga shekarar farko, shi ne CWA, kuma mai 70 zuwa sama ke fita da daraja ta ɗaya. Faɗuwa a darasi ɗaya ana sake rubuta shi, ba ƙarshen karatu ba ne. Abin tsoro shi ne yaron da ya san in ya faɗa za a tara masa kawunai da gwaggonni a yi masa tas, sai ya ɓoye, darussan su taru, har a sallame shi yana fita kullum da jaka kamar mai zuwa aji.

A ganina, uban da ɗansa zai iya kira ya ce "Baba, na faɗi lissafi" ya fi wanda ake tsoro amfani ga karatun. A yi faɗan in ya kama, amma a bi shi da "to yanzu me ka shirya?" A bar shi ya je wurin malamin da kansa. Idan kuma an ga ya rame, ya daina magana, ba ya barci, jami'ar na da cibiyar ba da shawara, ga asibiti a ciki.

'Yata ce. Ina tsoron tarbiyya da addininta.

Tsoron na kan hanya, amma a yi wa ɗa namiji irinsa. Akwai masallaci a harabar, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA da ke karɓar sababbin shiga, kuma nan yarinya kan samu ƙawayen kirki tun makon farko. A je a ga ɗakin da za ta zauna, a san hanyar da za ta bi da dare. Kada a bar ta da yunwa, don rashin kuɗi ke tura yara hannun waɗanda ba su dace ba. Maganar masu neman aure kuma a yi ta a fili, da ita a zaune.

Hutu ya zo, ya huta ne ko ya yi aiki?

Ya yi aiki. Bayan kammalawa akwai bautar ƙasa ta shekara ɗaya, bayanta kuma masu ɗaukar aiki kan tambayi me ka taɓa yi. In ya samu wurin koyon aiki a fanninsa, a ba shi kuɗin mota. In bai samu ba, ya zauna shagon gida a kasuwar Kejetia, a miƙa masa littafin bashi da lissafin kaya ya riƙe da kansa.