Abincin mai ciki da ƙarancin jini: kira ga magidanta da iyayen miji

Da yawa daga cikin matan da ke zuwa awon ciki a jihar Maradi kukansu iri ɗaya ne: jiri, bugun zuciya, kasala, da haki idan sun ɗauko tulu ko sun tsaya daka. Idan aka ja fatar ido ta ƙasa aka duba, sai a tarar ta yi fari fat, haka ma tafin hannu. Wannan shi ne ƙarancin jini, kuma idan awon jini ya nuna ƙasa da 11 ga mai ciki, to ya tabbata. Dalilinsa kuwa shi ne jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi kafin ta haihu, sai jikinta ya bukaci ƙarin sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina jini, ga kuma ɗan da ke ciki yana ɗibar rabonsa daga jikinta ko ta ci ko ba ta ci ba. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya kayar da ita.

Akwai wata fahimta da ta daɗe a gidajenmu, cewa idan mai ciki ta ci da yawa ɗa zai yi ƙiba, haihuwa ta yi wuya. Saboda haka wasu iyayen miji, da kyakkyawar niyya, sukan hana ta ƙwai da nama da madara. Rage cin abinci ba ya buɗe ƙugu, ƙarfin uwar kawai yake ragewa, kuma jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba ya fi saurin kamuwa da ciwo a watanninsa na farko. Maganar cewa ƙwai yana sa ɗa ya zama ɓarawo kuwa ba ta da tushe. Daga wata na huɗu, mai ciki tana bukatar ƙarin ci sau ɗaya a yini a kan wanda ta saba.

Abin da ake nema ba a kanti yake ba. Tuwon gero da fura suna ba da ƙarfi, amma su kaɗai ba sa isa, dole a haɗa su da abin da ke gina jiki da jini. Wake, ɗanwake, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da riɗi duk suna cikin wannan sahu, haka nan fara idan lokacinta ya yi. Zogalen da ake nomawa a Jiratawa yana isa kasuwannin Maradi kusan duk shekara, kuma kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da ɗan tumatir ya fi kwalbar lemon zaƙi amfani nesa ba kusa ba, ga shi ya fi ta araha. Rama, yakuwa, tafasa da alayyafo su ma kada a raina su. Sinadarin ƙarfen da ke cikin nama da kifi ya fi na ganye saurin shiga jiki, don haka maigidan da ya iya kawo kifin Madarunfa ko ɗan nama, ya tabbatar tsokar ta shiga kwanon matarsa, domin sau da yawa kwanon maza ake fara zubawa, mai girkin ta tashi da romo. Nono kuma a dafa madarar kafin a kafa shi, nama da ƙwai a bari su dahu sosai.

Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, shi ya sa ake so a raba shi da abinci da maganin ƙarin jini da kamar awa ɗaya ko biyu. Lemon tsami, mangwaro, gwaba da garin 'ya'yan kuka kuwa taimakawa suke yi. A yi amfani da gishiri mai sinadarin aidin, amma a rage yawansa da na dunƙulen ɗanɗano da kanwa. Mai cikin da ke kwaɗayin cin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara ta faɗa wa ungozoma, domin wannan kwaɗayin yakan zo tare da ƙarancin jini.

Abinci kaɗai ba ya cike giɓin, shi ya sa ake ba da jajayen ƙwayoyin ƙarin jini masu haɗe da folik asid, ɗaya kowace rana. Wasu matan sukan daina sha don tashin zuciya ko don sun ga bayan gida ya yi baƙi. Baƙin ba ciwo ba ne, tashin zuciyar kuma yakan ragu idan aka sha da dare bayan an ci tuwo. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga mai ciki sau 8, na farko cikin makonni 12 na fari. A nan ne kunya take cutar da mu, musamman a cikin fari, inda yarinya takan ɓoye har ciki ya fito fili.

Zazzabin cizon sauro ma yana cinye jini, kuma ya fi tsanani da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa. Mai ciki ta kwana cikin sange kullum, ta kuma sha Fansidar, maganin rigakafin wannan zazzabi, a wurin awo daga wata na huɗu, a ƙalla sau 3, da tazarar wata ɗaya tsakani. Tafiya da aikin gida mara nauyi suna da amfani, amma a ɗauke mata faskare da ɗaukar kaya masu nauyi, a kuma nisanta ta da hayaƙin taba da magungunan masu talla a faranti.

Idan aka ga zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, fashewar ruwa kafin lokaci, ko ɗa ya daina motsi, a tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne, ba tare da jiran ranar awo ba. Maigidan da zai yi tafiya ya bar izinin fita da kuɗin mota a hannun wanda zai iya kai ta.