Ɗaukar Hoton Tafiye-tafiye da Halittu don Sha'awa

Ɗaukar hoton tafiye-tafiye da halittu don sha'awa ɗabi'a ce ta mutanen da hoto ba sana'arsu ba ce, amma suke ɗaukar wuraren da suka ziyarta, da tsuntsaye, dabbobi, tsirrai, duwatsu da koguna, su haɗa da ɗan rubutu na kansu, sannan su nuna wa wasu. Rubutun kan ƙunshi kwanan wata, sunan wuri, sunan abin da aka ɗauka, wani lokaci har da labarin yadda aka ci karo da shi. Mai sha'awa ba don a biya shi yake yi ba, ko da aikinsa ya kai na gwanaye kyau.

Asali

Hoton kyamara mafi daɗewa da ya rage a duniya shi ne wanda Nicéphore Niépce ya ɗauka ta tagar gidansa a Faransa, wajen 1826 ko 1827. Sai da farantin ya sha haske na sa'o'i da yawa, wasu masu bincike ma na ganin kwanaki ya yi. A 1839 aka bayyana wa jama'a hanyar Louis Daguerre.

Ba a jima ba hoto da rubutun hannu suka haɗu a shafi ɗaya. A 1843 Anna Atkins, wata 'yar Ingila mai sha'awar tsirrai, ta fara fitar da littafi kan ciyayin teku. Ko kyamara ba ta yi amfani da ita ba. Sai ta shimfiɗa ciyawar a kan takardar da aka shafa wa sinadarin ƙarfe, ta shanya a rana, ta ɗauraye da ruwa, siffar ciyawar ta fito fara fat a kan shuɗi, kowane reshe da kowane sili. A ƙarƙashin kowace ta rubuta sunanta na Latin da hannunta. Aikin ya ɗauke ta kimanin shekara goma, kuma galibi ana lissafa shi a matsayin littafi na farko da aka ƙawata da hotuna.

Tafiya da kyamara a wancan zamani sai mai hali da juriya. Hanyar da ta yaɗu daga 1851 tana buƙatar a shafa wa gilashi magani, a ɗauki hoton, a wanke shi, duk kafin maganin ya bushe, wato cikin kamar minti goma zuwa sha biyar. Dole matafiyi ya ɗauki ɗakinsa mai duhu na wanke hoto ya tafi da shi. Francis Frith, wanda ya je Masar sau uku tsakanin 1856 da 1860, da karusar da aka rufe yake yawo, cike da kwalabe da manyan gilasai, ga zafin hamada yana lalata masa magani.

Zamanin Kodak da wurin rubutu

George Eastman ne ya sa kyamara a hannun kowa. A 1888 ya fitar da Kodak, ƙaramin akwati mai fim na hoto ɗari a ciki, a kan dala 25. In fim ya ƙare, sai a aika da kyamarar gaba ɗaya zuwa Rochester a jihar New York ta Amurka, a wanke hotunan, a sa sabon fim, a dawo da ita. A 1900 Brownie ta fito a kan dala ɗaya, har yara suka samu.

Da hotuna suka yi yawa sai wata matsala ta kunno kai: mantuwa. Mutum ya dawo daga tafiya da hoto ɗari, ya rasa wane tafki ne wannan, wace rana ce waccan. A 1914 kamfanin ya fito da kyamarar Autographic, wadda ta cancanci a tuna da ita fiye da yadda ake yi. Akwai wata 'yar ƙofa a bayanta. Bayan an ɗauki hoto sai a buɗe ta, a rubuta kwanan wata ko sunan wuri da tsinken ƙarfe a kan takardar da ke bayan fim, a ɗaga wa sama na 'yan daƙiƙoƙi. Hasken da ya ratsa ta sawun tsinken shi ke buga rubutun a gefen fim ɗin. An daina yin irin wannan fim a farkon shekarun 1930.

Yawancin mutane dai a albam suke rubutu, da farar tawada a kan baƙar takarda, ko kuma a bayan hoton. Masu adana kayan tarihi sun fi son fensir mai laushi, domin tawadar biro kan ratsa takarda ta ɓata hoton. Su ne kuma suka fi kowa sanin darajar layi ɗaya: hoton kogi marar suna da kwanan wata abin kallo ne kawai, wanda aka rubuta wa kuwa ana iya gwada shi da yadda kogin yake a yau.

Dabbobi da tsuntsaye

Dabba ba ta tsaya wa kyamara, don haka wannan fanni ya makara sai da aka samu busasshen gilashi mai saurin kama haske bayan 1871. A Ingila, 'yan'uwan nan biyu, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafin sheƙunan tsuntsaye a 1895 wanda duk hotuna ne na gaske, kuma sun taɓa ɓuya cikin gunkin bijimi da aka lulluɓe da fata don su kusanci tsuntsu. A Amurka, George Shiras, lauya ne kuma ɗan majalisa, yakan ɗana igiya da dare yadda barewa za ta taɓa ta, wuta ta haska, kyamara ta ɗauka. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a 1906.

Launi

Kyamarar Leica mai fim na milimita 35 ta shiga kasuwa a 1925, fim mai launi na Kodachrome kuma a 1935. Daga nan aka saba haska hotunan tafiya a bango, mai hoton yana bayani da baki. Wannan bayani ba a rubuce yake ba, shi ya sa yawancinsa ya tafi da masu shi.

Zamanin dijital

Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta gwaji a 1975. Wayoyi masu kyamara sun bayyana a Japan wajen 1999 zuwa 2000. Yanzu na'urar da kanta take liƙa wa hoto lokaci, sau da yawa har da wurin da aka ɗauka, ana kuma raba shi ta intanet nan take. Manhajar iNaturalist, da aka fara a 2008, tana tattara hotunan masu sha'awa tare da wuri da rana, masana kimiyya suna amfani da su.

Saɓani

Ana jayayya kan jawo dabba da abinci ko da muryar da aka naɗa, da kan iyakar gyaran hoto a kwamfuta. Bayyana ainihin wuri ma yana da masu suka, domin yakan tara jama'a a kan sheƙa ko ya nuna wa mafarauta hanya. Saboda haka iNaturalist kan ɓoye takamaiman wurin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.